Tsinken gwajin gubar afulatoksin: yadda yake aiki da yadda ake karanta shi

Afulatoksin guba ce da wata fumfuna mai suna Aspergillus flavus take zubawa a jikin gyaɗa da masara, tun a gona idan fari ya kama shuka, ko a rumbu idan an adana amfani da sauran danshi. Ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, kuma suya ko dafuwa ba sa kashe ta. Yawan cin ta yana lalata hanta har ya kai ga ciwon daji, ana kuma danganta ta da tsumburewar yara. A 1960 aka gano ta, bayan talotalo kimanin 100,000 sun mutu a Ingila saboda cin tunkuzar gyaɗa daga Burazil. A 2004 kuma gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a Kenya.

Ku manoman gyaɗa na Shanono da kewaye, wannan magana ta shafi ƙuli-ƙuli da kunun da ake sha a gida, ta kuma shafi aljihunku. Tarayyar Turai ba ta karɓar gyaɗar ci idan gubar ta wuce kashi 4 cikin biliyan, Amurka kuma ta tsaya a 20. Dillalin da ke sayen kaya a Dawanau don fitarwa waje ya san wannan sarai. Ido ba ya iya ganin wannan ɗan adadi, shi ya sa ake gwaji.

Tsinken ɗan siririn abu ne, ɗan'uwan wanda ake gwada zazzaɓin cizon sauro da shi a asibiti. Jan layin da ke fitowa a kansa zinariya ce. Idan aka mayar da zinariya ƙananan ƙwayoyi masu faɗin nanomita 40 ko kusa da haka, sai ta daina zama ruwan ɗorawa ta koma ja. Sai an jera irinsu wajen 2,000 kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Tun 1857 wani masani ɗan Ingila, Michael Faraday, ya yi bayanin wannan jan ruwan zinariya. Kada wani ya yi tunanin tara tsinken don ya kai wa maƙera, abin da ke ciki bai kai ƙura ba.

Kowace ƙwaya an lulluɓe ta da sinadarin garkuwar jiki wanda afulatoksin kaɗai yake kamawa. A kan tsinken kuma akwai wuri biyu: layin T, inda aka manna irin gubar tun daga masana'anta, da layin C na tabbatar da tsinken lafiya yake. Idan ruwan samfurinku ba shi da guba, ƙwayoyin zinariyar suna isa layin T hannunsu babu komai, sai su kama abin da aka manna a wurin, su taru, layi ya yi ja. Idan akwai guba, tun a hanya ta cika musu hannu, sai su wuce layin T ba su tsaya ba.

To a nan mutane da yawa ke ruɗewa. A gwajin zazzaɓi layi biyu yana nufin akwai cuta. A na afulatoksin akasin haka ne: layi biyu, gubar ba ta kai iyakar tsinken ba, layin C shi kaɗai, ta kai ko ta wuce. Idan C bai fito ba, gwajin ya ɓaci, a sake da sabo. Kowane tsinke da iyakarsa, wani 4, wani 10, wani 20, don haka ku tambayi mai sayen kayanku wadda yake aiki da ita. Wanda yake son sanin ainihin adadi sai ya haɗa da na'urar da ke auna kaurin launin.

A ganina ɗibar samfur ta fi gwajin kansa wuya. Gubar ba ta bazuwa daidai a buhu. 'Yan ƙwayoyi kaɗan da suka lalace su ne ke ɗauke da kusan dukkanta. Wanda ya ɗebi tafi ɗaya daga bakin buhu ya ɓata tsinkensa a banza. Ku ɗiba daga sama da tsakiya da ƙasa, a buhuna da yawa, a gauraya, a niƙe duka, sannan a auni ɗan abin da takardar ta ce. Ana girgiza garin da ruwan da aka tanada, a tace, a tsoma tsinken, a jira mintocin da aka rubuta, yawanci 5 zuwa 10. Wasu nau'o'in da metanol ake jiƙa su, shi kuma guba ne, a nisanta shi da yara da wuta. Tsinken ba ya son zafi, kada a bar shi a shagon kwano da rana.

Ga manomi ɗaya kuɗin zai yi nauyi, amma ƙungiyar gama kai da ke tara buhuna za ta iya gwada kowane rukuni kafin a haɗa. Tsinke dai faɗa yake yi, ba ya magani. Rigakafin yana ga shanya gyaɗa a kan tamfol har ta bushe ƙarau, tsince motsattsu da masu baƙi, da ɗora buhu a kan katako. Akwai kuma Aflasafe na cibiyar IITA da ke Ibadan, wanda ake watsa kilo 10 a hekta, mako 2 zuwa 3 kafin shuka ta yi fure. Rukunin da ya faɗi gwaji kada a mayar da shi ƙuli-ƙuli ko a bai wa shanun tatsa, domin gubar tana biyowa ta nono.