Mutumin da ya ƙara shekara 14 cikin shekara goma



Mai bin salsalar danginsa a Ingila yakan ci karo da abin ɗaure kai. A ƙidayar 1841 ya ga kakan kakansa da shekara 25, a ta 1851 kuma ya gan shi da 39. Mutum biyu ne masu suna ɗaya, ko malamin ƙidaya ne ya yi kuskure?

Ko ɗaya babu. Umarnin da aka ba malaman ƙidayar 1841 shi ne, duk wanda ya haura shekara 15 a rage masa zuwa lissafin biyar-biyar: mai 29 a rubuta 25, mai 44 a rubuta 40. Ba a rubuta garin haihuwa ba, balle dangantakar mutanen gida. Waɗannan sai a 1851 suka shigo, tare da ainihin shekarun manya.

Wasu malaman ba su bi umarnin ba, saboda haka sai mu duba shafin gaba ɗaya. In shekarun manya duk sun ƙare da 0 ko 5, to an rage. Daga nan rajistar baftisma ta coci ce za ta raba gardama.

In muka yi gaggawa, za mu raba mutum ɗaya gida biyu, ko mu liƙa wa zuri'a kakan da ba nata ba, na baya kuma su kafa hujja da littafinmu. Kafin mu ƙaryata tsohuwar takarda, mu nemi umarnin da aka ba wanda ya rubuta ta.