Amurka: shirye-shiryen kula da lafiyar tsofaffi ƴan Hispanik da koya musu Turanci

Ƴan Hispanik su ne mazauna Amurka waɗanda asalinsu daga ƙasashe masu magana da Sifaniyanci ne, kamar Meziko, Kuba, Salbado da tsibirin Puerto Rico. Ƙidayar shekarar 2020 ta nuna sun kai mutum miliyan 62, wato kusan kashi 19 cikin 100 na al'ummar ƙasar. Matasansu da dama sun tashi da Turanci a baki. Tsofaffin kuwa, musamman waɗanda suka shigo ƙasar da girmansu suka yi aikin gona, gini ko aikatau, da yawansu ba sa jin harshen sosai.

Inda matsalar take

Ciwon sukari ya fi yawa a tsakanin ƴan Hispanik idan aka kwatanta da fararen fatar da ba su da wannan asali, kuma cuta ce mai buƙatar bin ƙa'ida kullum. Dattijon da ba ya iya karanta takardar magani zai iya shan sa ba daidai ba. Wani kuma jikansa ne ke yi masa tafinta a gaban likita, sai kunya ta hana shi faɗin abin da ke damunsa. Shi ya sa ƙungiyoyin al'umma ke bi ta hanya biyu: su kai wa tsofaffi bayanin lafiya da harshensu, su kuma koya musu Turancin da za su yi amfani da shi a asibiti.

Kai lafiya da Sifaniyanci

Ginshiƙin aikin su ne matan da ake kira promotoras. Ƴan unguwa ne da aka horar, suna shiga gida-gida da majami'u suna wayar da kai, suna raka marasa lafiya asibiti. Aikinsu ya yi kama da na relais communautaires a Nijar.

Akwai kuma shirin Tomando Control de su Salud, wanda aka tsara a Jami'ar Stanford don masu cututtukan da ba sa warkewa. Ana haɗuwa sau ɗaya a mako, awa biyu da rabi, har makonni 6. Ana tattauna abinci, motsa jiki, shan magani da yadda ake yi wa likita bayani.

Gwamnatin Meziko ma ta buɗe teburan lafiya da ake kira Ventanillas de Salud a ƙananan ofisoshin jakadancinta. An fara su a 2003 a biranen San Diego da Los Angeles. A nan ake gwada hawan jini da sukari, a tura mutum asibitin da ke karɓar kuɗi gwargwadon ƙarfinsa.

Azuzuwan Turanci

Yawancin azuzuwan ana yin su ne a ɗakunan karatu, majami'u da cibiyoyin tsofaffi. Darussan sun shafi sunayen sassan jiki, neman ranar ganin likita ta waya, da cike takardun inshora. Wasu tsofaffin ko da Sifaniyanci ba su iya karatu ba, don haka sukan fara da yaƙi da jahilci a harshensu a cibiyoyin Plazas Comunitarias, waɗanda hukumar ilimin manya ta Meziko ke tallafa wa. A Filadelfiya, Jami'ar Temple ta kafa shirin Project SHINE, inda ɗalibai ke koyar da tsofaffin baƙi Turanci da shirin jarrabawar zama ɗan ƙasa.

Dokoki da kuɗi

Dokar tsofaffi ta 1965, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sanya wa hannu, ita ke ɗaukar nauyin cibiyoyi da abinci ga masu shekara 60 zuwa sama. Inshorar Medicare, ita ma ta 1965, tana farawa daga shekara 65. Kuɗin azuzuwan manya na fitowa daga wata dokar tarayya ta 2014, tare da gudummawar jihohi da masu ba da agaji.

Batun tafinta kuwa ya sauya. A shekarar 2000 Shugaba Bill Clinton ya umarci hukumomin tarayya su sauƙaƙa hidima ga marasa jin Turanci. A watan Maris na 2025 Shugaba Donald Trump ya soke umarnin, ya ayyana Turanci a matsayin harshen hukuma. Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964, wadda ta hana wariya saboda asalin ƙasa a wuraren da ke cin kuɗin tarayya, tana nan.

Sassaucin da ake yi wa tsofaffi wajen neman zama ɗan ƙasa ya shafi kowane baƙo, har da ƴan Afirka. Mai shekara 50 da ya shafe shekara 20 da katin zaman dindindin, ko mai 55 da ya shafe 15, ba a yi masa gwajin Turanci, kuma zai iya amsa tambayoyin tarihi da tsarin mulki da harshensa ta bakin tafinta.