Fuluwor a cikin iska: abin da yake yi wa ƙirji da ƙashi

Mu a nan jihar Maraɗi ba baƙon suna ba ne. Duk wanda ya ga yaran Tibiri na shekarun 1990, da haƙora masu tsatsa da ƙafafu a lanƙwashe, ya san aikin sinadarin fuluwor. Wancan ta ruwan sha ya shiga. Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne, ta hanci ma yana shiga.

Yana tashi ne cikin hayaƙi da ƙurar masana'antun alminiyom, na takin zamani na fosfat, na gilashi, da wuraren gasa bulo. Gawayin ƙasa ma yana fitar da shi in an ƙona. A lardin Guizhou na ƙasar Sin, iyalai kan shanya masara da barkono bisa murhun gawayin ƙasa cikin ɗaki marar mafitar hayaƙi. Suna shaƙa, suna kuma ci a abinci, har cutar ta kama miliyoyin mutane.

In mutum ya shaƙa da yawa lokaci guda, ido zai yi zogi, maƙogwaro ya yi raɗaɗi, tari ya turnuƙe shi. Haɗarin shi ne, ruwa kan iya taruwa a huhu bayan awoyi, mutum na ganin ai ya warke. A Disamban 1930, hazo mai guba ya lulluɓe kwarin Meuse a Beljiyam, mutum sama da 60 suka mutu. Hukuma ta ɗora laifin kan hayaƙin farar wuta, amma likitan Danmak Kaj Roholm ya ce fuluwor ne.

Wanda ya fi damunmu shi ne na sannu-sannu. Jiki yana fitar da wani kaso ta fitsari, sauran ya maƙale a ƙashi, shekara da shekaru. Roholm ɗin nan ya binciki ma'aikatan wata masana'anta a Kopenhagen, ya wallafa sakamakon a 1937: ƙashinsu ya yi kauri, jijiyoyin gaɓoɓi sun ƙandare, wasu sunkuyawa ma ta gagare su. Da fari ciwon baya ne da na gwiwa, shi ya sa ake cewa sanyin ƙashi ne ko tsufa. Yara kuwa, haƙoran da ke tsirowa kafin shekara 8 su ke fara nunawa, kuma tabon ba ya fita. Shanun da ke kiwo kusa da irin waɗannan masana'antu kan rame, su yi ɗingishi, sau da yawa tun kafin mutane su ji komai.

Masu walda, wannan ya shafe ku: wasu sandunan walda suna da fuluwor a ɓawonsu. Ku yi aiki inda iska ke ratsawa, ku kau da fuska daga hayaƙin, don ƙyalle a hanci ba ya tare shi. Ma'aikacin masana'anta kuma ya nemi awon fitsari a likita. Nan ake gane yawan abin da jiki ya ɗauka.