Marubuta baƙar fata da yadda mai karatu a Arewa ke karɓar littattafansu

Ɗalibin sakandare a Kurya Madaro ko Shinkafi ko Zurmi da ya zauna jarrabawar adabin Turanci ta WAEC tsakanin 2016 da 2020 ya ci karo da Native Son na Richard Wright a jerin littattafan da aka tsara. Wanda ya biyo bayansa daga 2021 zuwa 2025 kuwa ya tarar da Invisible Man na Ralph Ellison da Second Class Citizen na Buchi Emecheta. Dukansu marubuta ne baƙar fata, amma karɓar da ake yi wa ayyukansu a ƙasar Hausa ba iri ɗaya ba ce, kuma tana da tarihi.

Su wane ne ake nufi?

A Amurka da Ingila, idan aka ce marubuci baƙar fata, ana nufin wanda asalinsa Afirka ne, yana kuma rubutu a cikin al'ummar da fararen fata suka fi rinjaye. A can launin fata na iya yanke wa mutum unguwar da zai zauna da aikin da zai samu. A nan kuwa, mai karatu da marubuci da mai sayar da littafin duk baƙaƙe ne, don haka launi ba ya cikin tambayoyin farko. Abin da Bahaushe ya fi tambaya shi ne: marubucin ɗan ina ne, mene ne addininsa, kuma yaya ya siffanta mutanenmu?

Wannan ne ya sa labarin Bigger Thomas, saurayin da talauci da wariyar launi suka kai ga kisan kai a birnin Chicago cikin littafin Wright na 1940, yake buƙatar malami ya fara bayyana wa ɗalibi mece ce wariyar kafin ya gane fushin da ke ciki.

Tushen karatun a gida

A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai da Hausa. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East. Magana Jari Ce ta biyo baya, sannan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939.

Shaihu Umar ya taɓo cinikin bayi ta hamadar Sahara, da uwar da ta bi sawun ɗanta har ƙasar Larabawa. Ke nan mai karatun Hausa ya san labarin bauta daga alƙalamin ɗan gida tun kafin littattafan baƙaƙen Amurka su iso gare shi. Adamu Halilu ya mayar da littafin fim a 1976.

Akwai ma wanda ya riga su. Dorugu, yaro Bahaushe da aka kama bawa, ya yi tafiya da Heinrich Barth har ya kai Ingila, kuma J.F. Schön ya rubuta labarinsa daga bakinsa, aka buga a cikin Magana Hausa a 1885.

Littattafan da suka ba da labarin gaskiya

Cikin rubuce-rubucen baƙaƙen Amurka, biyu sun fi kusa da zuciyar Musulmin Arewa. Na farko shi ne tarihin rayuwar Malcolm X da ya fito a 1965, wanda Alex Haley ya taimaka wajen rubutawa. Malcolm ya yi aikin Hajji a 1964, inda ganin Musulmi masu launi daban-daban a sahu ɗaya ya sauya masa tunani kan farar fata. A shekarar ya ziyarci Najeriya, ya yi jawabi a Jami'ar Ibadan.

Na biyu shi ne Roots na Haley, na 1976, labarin Kunta Kinte, Musulmi ɗan Mandinka daga Juffure a Gambiya da aka sayar zuwa Amurka. Sai dai masana tarihi sun yi jayayya kan ingancin salsalar da Haley ya kawo, kuma a 1978 ya sasanta da marubuci Harold Courlander, wanda ya kai shi ƙara kan ɗaukar wasu sassa daga littafinsa. Mai karatu ya kamata ya ɗauki Roots a matsayin labari da aka gina kan tarihi, kada ya riƙe shi hujja.

Idan ɗan Kudu ya rubuta Arewa

Things Fall Apart na Chinua Achebe, na 1958, ya samu karɓuwa a makarantun Arewa domin zuwan Turawa da rushewar tsohon tsari abu ne da kowa ya gada. Cyprian Ekwensi, wanda aka haifa a Minna a 1921, ya kafa The Passport of Mallam Ilia na 1960 da Burning Grass na 1962 a kan rayuwar Arewa. Amma masana adabin Hausa sun nuna cewa littafinsa An African Night's Entertainment ya yi kama ƙwarai da Jiki Magayi, abin da ya jawo zargin ɗauka ba tare da ambato ba.

Batun rikicin 1966 da yaƙin basasa ya fi kowanne zafi. Half of a Yellow Sun na Chimamanda Adichie, na 2006, ya siffanta kashe-kashen da aka yi a Kano, ko da yake ya nuna wani Bahaushe yana tserar da jarumar labarin. A 2014 hukumar tace fina-finai ta ƙasa ta jinkirta nuna fim ɗin littafin. There Was a Country na Achebe, na 2012, shi ma ya tayar da ƙura, musamman kan abin da ya faɗa game da Obafemi Awolowo. Irin waɗannan littattafai suna ba da labarin yaƙin daga idon waɗanda suka zauna a ɓangaren Biyafara, kuma mai karatu zai fi amfana idan ya haɗa su da rubuce-rubucen wasu ɓangarorin.

Martani mafi tsanani a kan 'yan gida ya faɗa

Tun daga tsakiyar shekarun 1980 matasa, yawancinsu mata, suka fara buga littattafan soyayya da kuɗinsu a Kano. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, Ado Ahmad Gidan Dabino ya rubuta In Da So Da Ƙauna, Bilkisu Ahmed Funtuwa kuma Allura Cikin Ruwa. Sun taɓo auren dole, kishi, saki da karatun 'ya mace.

Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, yana ganin ba za su daɗe ba. Abdalla Uba Adamu ya kare su da cewa sun sa dubban mata karatu. An kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Kano a 2001, kuma a 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, an ƙona wasu littattafan da aka ƙwace daga hannun ɗalibai mata. Duk da haka, a 2012 aka buga fassarar Turanci ta Alhaki Kuykuyo Ne, wadda Aliyu Kamal ya yi, a ƙasar Indiya.

Halin da ake ciki yanzu

'Yan Arewa masu rubutu da Turanci sun ƙaru tun bayan The Stillborn na Zaynab Alkali a 1984. Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim ya ci kyautar adabi ta NLNG ta dala 100,000 a 2016, duk da cewa labarin bazawara mai shekaru da ta kamu da son wani matashi ɗan daba bai yi wa wasu daɗi ba. Born on a Tuesday na Elnathan John ya bi rayuwar almajiri a Sakkwato. A 2016 ne kuma sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta mata. Daga 2021 zuwa 2024 JAMB ta sanya The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli, wanda ya shafi rayuwar ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello, cikin abin da masu neman gurbi za su karanta.

A arewacin Zamfara matsalar ta wuce ta ra'ayi. A Satumbar 2021 gwamnatin jihar ta rufe makarantu bayan sace ɗalibai, kuma yaron da bai shiga aji ba babu inda zai haɗu da Wright ko Emecheta, alhali tambayoyin jarrabawar iri ɗaya ne da na ɗan Legas. Ga iyayen da ke Ƙaura Namoda, inda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya take, da sauran garuruwan yankin, matakin da ke hannunsu shi ne su nemi jerin littattafan WAEC da NECO da JAMB na shekarar da ɗansu zai zauna jarrabawa, domin jerin yana sauyawa, su sayi cikakken littafin maimakon taƙaitaccen bayaninsa, su kuma tambayi yaron abin da ya fahimta a ciki.