Burkutu a Ƙasar Zuru

Burkutu giya ce ta gargajiya da ake dafawa a gida da dawa, wani lokaci da gero. A ƙasar Zuru da ke Jihar Kebbi, an san ta a tsakanin Dakarkari, kuma galibi mata ne ke sana'arta.

Akan jiƙa dawar har ta tsira, a shanya, a niƙa, sannan a dafa a manyan tukwane. Bayan an tace, sai a bar ta ta yi tsami ta tashi. Launinta ja-ja ne, tana da kauri, ana shanta a ƙoƙo, kuma ba ta jure ajiya.

Akan sha ta wajen gayya da bukukuwa irin su Uhola. Musulunci ya haramta shanta domin tana sa maye.