Takarda mai wata uku

Ƴan uwa ɗalibai, in akwai tsohon Alƙur'ani rubutun hannu a gidanku, ku roƙi izini, ku yi alwala, ku ɗaga warƙa guda ta fuskanci haske. Mai yiwuwa ku ga jinjirin wata uku jere cikin jikin takardar. Wannan tambarin masana'anta ne, tun takardar tana jiƙe aka sa shi.

Takardar daga arewacin Italiya ta fito. Da tsummoki ake yin ta: a jiƙa, a daka su zama kamar kunu, a ɗebo da rariya, a matse, a shanya. A ƙarni na 19 gidan Galvani, kusa da Fanis, ya yi suna wajen wannan sana'a. Jirgin ruwa ya kai ta Tarabulus, raƙuma su ratso Sahara da ita, ta Agadas da Damagaram har Kano. Bature matafiyi Heinrich Barth ya tarar da ita a kasuwar Kano a 1851.

To, nan aikin namu ya soma. Malam ya feƙe alƙalamin kara, ya haɗa tawada da ƙaro, baƙi na rubutu, ja na wasali. Mai zayyana ya ƙawata wuraren hizbi da rubu'i da sumuni. Ba a ɗinke warƙoƙin, shi ya sa ake rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan wanda ya gabata, don kar jeri ya rikice. Dukawa su kuma su ɗinka gafaka. Waƙoƙin ajami na Hausa da Fulatanci ma a irin wannan takarda suka iso mana.

Boubou Hama ya gane darajarsu, ya tattara da yawa. Yau dubbai suna ajiye a cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Amma wasu da dama suna cikin akwatunan gidajenmu, gara na ci, damina na jiƙawa.

Don Allah kar a liƙe yagaggen wuri da sikoc, kar a kai a manne da roba, gyaran ɓarna ne. A ɗauke daga ƙasa, a nisanta da danshi da rana, a taɓa da busasshen hannu. Mai son nunawa ya ɗauki hoto da salula, ya maida asalin gafakarsa. Wannan fotokofi da ke hannunku zai koɗe kafin mu yi furfura, ita kuwa takardar kaka ta haura shekara 100.