Bayani kan LinkedIn da yadda ake neman abokan ciniki da shi

LinkedIn shafi ne na intanet da aka kafa domin ma'aikata da masu sana'a da 'yan kasuwa su san juna. A watan Nuwamban 2023 kamfanin ya ce yawan waɗanda suka yi rajista da shi ya kai mutum biliyan 1, a ƙasashe da yankuna fiye da 200.

Da yawa daga cikin masu shiga shafin sun ɗauke shi wurin neman aiki ne kawai. To amma akwai wani babban amfani da ake yi da shi, wato neman abokan ciniki, musamman a irin cinikin da ke gudana tsakanin kamfani da kamfani, kamar mai ƙera injuna da ke neman masana'antar da za ta saya, ko mai fitar da riɗi da ke neman kamfanin matsar mai a Japan ko Turkiyya.

Ba a kasa kaya a shafin, ba a tayawa, ba a sallamawa. Abin da ɗan kasuwa ke nema a can abu biyu ne: sunan mutumin da ke da ikon cewa a saya a wani kamfani, da kuma wanda zai iya sada shi da wannan mutumin.

Asalin shafin

Reid Hoffman, wani Ba'amurke da ya taɓa riƙe babban muƙami a kamfanin PayPal, shi ne ya jagoranci kafa LinkedIn tare da abokan aikinsa huɗu a ƙarshen 2002, a jihar Kalifoniya. An buɗe shi ga jama'a ranar 5 ga watan Mayun 2003, kuma a watan farko mutane kimanin 4,500 ne kacal suka shiga.

A 2011 aka fara sayar da hannayen jarinsa a kasuwar New York, sannan a 2016 kamfanin Microsoft ya saye shi a kan dala biliyan 26 da miliyan 200.

Ya yi abokan gasa a Turai. A 2003 aka kafa wani shafi irinsa a birnin Hamburg na Jamus, wanda daga bisani aka sa wa suna XING, ya kuma yi ƙarfi a ƙasashen da ke magana da Jamusanci. Na Faransa, Viadeo, ya durƙushe a 2016, har kamfanin jaridar Le Figaro ya saye shi.

Matakai uku na sanayya

Kowane mai rajista yana da shafin kansa, inda yake rubuta aikin da yake yi, da wuraren da ya yi aiki a baya, da makarantun da ya halarta. Daga nan sai ya riƙa aika gayyata ga waɗanda ya sani. Duk wanda ya amsa gayyatar ya zama abokin hulɗarsa na mataki na farko, kuma suna iya aika wa juna saƙo kai-tsaye. Abokan hulɗar waɗannan su ne na mataki na biyu, na gaba da su kuma na mataki na uku. Ba a barin mutum ɗaya ya wuce abokan hulɗa 30,000 a mataki na farko.

Ga mai neman ciniki, mataki na biyun nan shi ne jigon al'amarin. Idan ya buɗe shafin jami'in sayen kaya na wani kamfani, za a nuna masa sunayen mutanen da su biyun suka sani tare. Yana iya yiwuwa tsohon abokin karatunsa ne, ko wani da suka haɗu a bikin baje koli shekarun baya. Maimakon ya afka wa jami'in da talla, sai ya nemi wannan na tsakiya ya gabatar da shi. Da ɗan gari akan ci gari.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga fataken ƙasar Hausa. A littafin da ya wallafa a 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan, masanin zamantakewa Abner Cohen ya bayyana yadda mai gida ke sauke falken da ya kawo shanu daga arewa, dillalansa su nemo masa mahautan da za su saya bashi. Mai gidan ne ya san wanda ke biya da wanda ke taurin bashi, kuma shi ne ke lamunce wa baƙon kuɗinsa.

Sai dai akwai bambanci mai girma. Mai gida na Sabo yana iya yin asarar dukiyarsa idan mahauci ya ƙi biya. Wanda ya gabatar da mutum a LinkedIn kuwa ba ya ɗaukar lamunin ko kwabo. Sunansa kawai ya ara. Saboda haka gabatarwar tana sa a saurari mai talla, amma ba ta maye gurbin yarjejeniya a rubuce ko tabbacin biya daga banki.

Me ya sa sanin shanu ke da amfani?

A 1973 wani masanin zamantakewa Ba'amurke, Mark Granovetter, ya fitar da wata maƙala da ta yi suna ƙwarai. Ya tambayi ma'aikatan da ba su daɗe da sauya wurin aiki ba a garin Newton da ke kusa da Boston, yadda suka sami labarin sabon aikin. Daga cikin waɗanda suka samu ta hannun wani, kimanin kashi 17 cikin 100 ne kawai suka ce mutum ne da suke gani a kai a kai. Sauran duk ta hannun waɗanda suke haɗuwa da su jefi-jefi ne.

Dalilin da ya bayar mai sauƙi ne. Aminan mutum na kusa suna yawo ne a inda yake yawo, labarin da suka ji shi ma ya ji. Wanda ake yi wa sanin shanu kuwa yana cikin wasu jama'a daban, don haka shi ne ke zuwa da sabon labari.

A watan Satumban 2022 mujallar Science ta buga wani bincike da ya gwada wannan ra'ayi a kan LinkedIn ɗin kansa, da bayanan mutane miliyan 20 na tsawon shekaru biyar. An gano cewa hulɗar da ta fi kai mutum ga sabon aiki ita ce mai matsakaicin rauni: ba aminin kusa ba, ba kuma wanda babu abin da ya haɗa su ba sam. Binciken kan samun aiki aka yi shi, ba kan sayar da kaya ba, kuma ma'aikatan kamfanin na cikin waɗanda suka gudanar da shi. An kuma soki kamfanin da cewa bai sanar da mutanen da aka yi gwajin a kansu ba.

Duk da haka darasin ya shafi 'yan kasuwa. Tara dubban sunayen mutanen da ba a taɓa yin magana da su ba, ba ya cikin abin da binciken ya nuna yana da amfani.

Abin da ake biya wa kuɗi

Buɗe shafi kyauta ne, amma kamfanin na karɓar kuɗi daga masu ɗaukar ma'aikata, da masu talla, da kuma masu neman ciniki. A 2014 ya fitar da Sales Navigator a matsayin manhaja mai zaman kanta domin wannan rukuni na ƙarshe, ana biya wata-wata ko shekara-shekara.

Da ita mutum zai iya tace bincikensa: ya nemi, alal misali, manajojin sayen kaya na kamfanonin abinci masu ma'aikata fiye da 200 a wata ƙasa. Zai iya ajiye sunayensu, manhajar kuma ta riƙa sanar da shi idan ɗayansu ya sauya wurin aiki ko ya sami ƙarin girma. Masu wannan sana'a na ɗaukar irin wannan sanarwa da muhimmanci, domin tsohon abokin ciniki da ya koma sabon kamfani hanya ce ta shiga kamfanin, sabon manaja kuma ya fi saurin sake duba waɗanda ke kawo wa kamfaninsa kaya.

Akwai kuma InMail, wato saƙon da ake aika wa wanda ba abokin hulɗa ba. Ana bai wa mai biya adadi ƙayyadadde a wata, kuma idan wanda aka aika wa ya amsa cikin kwanaki 90, sai a mayar wa mai aikawa da damarsa guda. An tsara shi haka ne domin a tilasta wa mai talla ya yi tunani kafin ya rubuta.

Kamfanin har maki yake bai wa masu amfani da shafin, daga 0 zuwa 100, bisa yadda suke neman ciniki a cikinsa. Yana da kyau a tuna cewa mai sayar da manhajar ne ke ba da makin, kuma yawan zirga-zirga a shafin yake aunawa, ba yawan kayan da aka sayar ba.

Saƙonnin da ba a so da fuskokin bogi

Babbar matsalar wannan hanya ita ce sauƙinta. Tun da aika saƙo ɗaya da aika dubu kusan wahala ɗaya ce, manyan jami'an kamfanoni na samun tarin tallace-tallace masu kama da juna, yawanci mintuna kaɗan bayan sun amsa gayyata. Wasu masu talla na amfani da manhajojin da ke aika gayyata da saƙo da kansu, abin da ƙa'idojin LinkedIn suka haramta. Kamfanin ya ƙayyade yawan gayyatar da za a iya aikawa a mako, kuma yana iya taƙaita shafin mutum idan jama'a da yawa suka nuna ba su san shi ba.

Shi kansa kamfanin ya taɓa faɗawa cikin wannan zargi. A 2015 ya amince ya biya dala miliyan 13 domin sasanta wata ƙara a Amurka, kan saƙonnin tuni da yake aika wa mutane ta imel da sunan masu rajista.

A 2022 masu bincike biyu na Jami'ar Stanford, Renée DiResta da Josh Goldstein, sun gano shafuka fiye da 1,000 a LinkedIn masu ɗauke da hotunan mutanen da ba a taɓa haifa ba. Kwamfuta ce ta ƙirƙiri fuskokin. Abin da ya ja hankali shi ne, da yawa daga cikinsu talla suke yi. Fuskar bogin ce ke fara magana, idan mutum ya nuna sha'awa sai a miƙa shi ga ma'aikaci na gaske. Wasu kamfanonin da aka rubuta sunayensu a shafukan sun ce sun ba da kwangilar nemo masu saye ne ga wasu, ba su kuma amince da amfani da irin waɗannan hotuna ba.

A shekarar ce kuma hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi kan 'yan damfarar da ke ƙulla abota da mutane a shafin, sannan su ja su zuwa zuba jari na ƙarya a kuɗin kirifto.

Tun daga lokacin LinkedIn ya fara nuna lokacin da aka buɗe kowane shafi, a 2023 kuma ya ɓullo da alamar tantancewa ta hanyar imel na wurin aiki ko katin shaida na gwamnati. Alamar na nuna cewa mutumin na gaske ne. Ba ta nuna cewa zai biya kuɗin kaya.

Batun bayanan sirri ma ya sha tasowa. A 2012 masu kutse suka sace kalmomin sirri na shafin, aka fara cewa miliyan 6 da rabi ne, sai a 2016 ta bayyana cewa abin ya shafi fiye da miliyan 100. A watan Oktoban 2024 hukumar kare bayanai ta ƙasar Ireland ta ci tarar kamfanin yuro miliyan 310, kan yadda yake sarrafa bayanan masu rajista domin talla.

Mai neman ciniki daga Najeriya

Ɗan kasuwar da ke Kano ko Jigawa, mai son sayar da zoɓo ga kamfani a Meziko ko citta ga wani a Turai, yana fuskantar wani ƙarin cikas. Shekarun da aka shafe ana samun wasiƙun damfara irin na 419 sun sa mai saye a ƙetare ba ya saurin amsa saƙon ciniki daga wanda bai sani ba. Wannan ba adalci ba ne ga masu gaskiya, amma shi ne halin da suke tararwa.

Abin da mai saye ke dubawa kafin ya amsa shi ne abin da zai iya tabbatarwa da kansa a wani wuri: lambar rajistar kamfanin a hukumar CAC, da takardar shaidar fitar da kaya ta hukumar NEPC, da adireshin imel mai sunan kamfanin, da hoton sito ko wurin tace kaya na gaske. Saƙon da ya faɗi nau'in kayan, da tan nawa ake da su, da tashar jiragen ruwan da za a yi lodi, ya fi samun amsa a kan doguwar gaisuwa da alƙawarin araha.

Haɗarin kuma ta ɓangare biyu yake. Akwai masu shigar burtu a matsayin masu saye, su nemi mai kaya ya fara biyan kuɗin rajista ko na lauya kafin a ba shi odar da babu ita. Ko da an fara magana a LinkedIn, manyan cinikayya kan ƙare ne da aika samfuri, da binciken kaya daga kamfanin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi, da takardar lamuni daga banki, domin kada a yi cinikin biri a sama.

Inda shafin bai kai ba

Hukumomin Rasha sun toshe LinkedIn a watan Nuwamban 2016, bisa dokar da ta wajabta ajiye bayanan 'yan ƙasar a cikin ƙasar.

A ƙasar Sin kuwa, kamfanin ya rufe reshen shafinsa na can a 2021, yana mai cewa sharuɗɗan hukuma sun yi tsauri. Ya maye gurbinsa da wata manhajar neman aiki mai suna InCareer, ita ma aka rufe ta a watan Agustan 2023. 'Yan kasuwar da ke saro kaya daga masana'antun Guangzhou da Yiwu sun fi samun masu kayan ne ta shafin Alibaba da wuraren baje koli, sannan su ci gaba da magana da su ta manhajar WeChat.